Taku Tara a Bakin Kwalbati

Masu dawowa daga sallar Juma'a a Kura ne suka tarar da Iliyasu mai gadin ƙofar ruwa. Yana kwance a bakin kwalbatin da ya haye kanal ɗin ban-ruwa, ƙeyarsa a kan siminti, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a cikin alkama. Ya riga ya yi sanyi. Kusa da shi akwai fasasshen gilashin fitilar mota, da sawun taya mai faɗin tafi biyu.

A Tsamiyar Kwari da kewayenta mota ɗaya ce ke da irin wannan taya, jar motar Injiniya Lukmanu na ma'aikatar ruwa, mai ƙofa biyu da kujera biyu, wadda ya taho da ita daga ƙasar da ya yi karatu. Amma Lukmanu a sahun gaba ya yi salla, kafaɗarsa na gogar ta Dagaci. Wanda ba a gani a masallaci ba shi ne bakanikensa, Muhammadu Sani. Kwana biyu ya yi yana tsala gudu da motar a kan gaɓar kanal da sunan gwaji, kuma ranar Alhamis an ji Iliyasu yana zazzaga masa masifa saboda ya watsa masa tumatirin da ya shanya.

Bayan la'asar aka binne Iliyasu. Aka ɗaure Muhammadu Sani a zauren Dagaci, aka aika Kura. 'Yan sanda suka ce ba mota, sai gobe da azahar. Dangin mamaci suka zauna a ƙofar zauren da sanduna, suna cewa za a gani in zai kai azahar ɗin.

Dagaci ya aika a kira Malam Ibrahimu mai bin sawu daga wajen Bunkure. Ba don yana shakka ba. So yake in 'yan sanda sun zo a ce an bi ƙa'ida.

*

Ibrahimu ya iso rana na dab da faɗuwa. Tsoho ne siriri, tsohon maharbi, shekara talatin yana gano shanun sata, tun zuwan noman rani kuma ya ƙara da injinan ban-ruwa. Ya jingine kekensa, ya cire takalmi.

Inda gawar ta kwanta an tattake shi tas. Amma kafin kwalbati akwai 'yar hawa inda kanal ke yoyo, ƙasar wurin a jiƙe take kullum, jama'a suka riƙa kewaye ta saboda caɓi. Nan ya tsuguna. Tsakanin layin taya biyu ga sawun takalmin roba, taku tara, duk suna fuskantar inda motar ta fito.

Sunusi, ƙanen mamaci, yana tsaye a kansa. "Ka gani ko, Malam? Ya fito ya tare shi ne don ya yi masa magana. Shi kuma la'anannen ya bi ta kansa."

Ibrahimu ya bi layin taya da yatsa. A gindin hawar taya ta ciji ƙasa ta tsaya. Taku biyu gaba ta sake cizo ta tsaya. A karo na uku ta haƙa rami biyu, ta watso laka baya har cikin shuka.

"Kawo mini zana biyu," in ji shi. "A rufe nan. Ko akuya kada ta taka."

"Me ya rage kuma da za a duba?"

"Zana biyu, Sunusi."

*

Da sassafe ya shiga zauren Dagaci. Muhammadu Sani na zaune a ƙasa, hannuwa a baya, leɓensa a fashe.

"Me ka yi wa motar?"

"Wallahi Baba ban taɓa ta ba tun ranar Alhamis da yamma. Ni na kai ta gidan Injiniya da kaina."

"Ban tambaye ka wannan ba. Me ka canza mata?"

Bakaniken ya dube shi, kamar bai yarda tambayar gaske ba ce. "Abu biyu. Akwai wani faifan ƙarfe a bayan inji, filawil muke ce masa. Na asalin ya kai rabin buhun gero nauyi. Injiniya ya sa aka aiko masa da na sanholo, irin ƙarfen da ake zubin tukwane, da hannu ɗaya za ka ɗaga shi. Sai farfela, doguwar sandar da ke kai juyi ƙafafun baya. Ita ma mara nauyi muka sa."

"Don me?"

"Don ta riƙa fizga. Inji ba ya wahalar juya nauyi, kana taɓa totur ta tafi."

"Ba abin da aka rasa?"

"An rasa. Nauyin nan shi ke riƙe inji lokacin tashi. Yanzu in ka saki kuloci yadda ka saba, mutuwa take yi. In ka ji haushi ka danna mata mai da yawa, tsalle za ta yi kamar an tsikari doki. Ni ma sai da ta mutu mini sau biyar ranar Laraba kafin ƙafata ta gane ta."

"Ranar Alhamis fa?"

"Ko sau ɗaya."

"Ina makullin da ke hannunka?"

"Yana rataye a ƙusa a rumfata. Kowa ya san wurin."

"Ina ka je jiya?"

Muhammadu Sani ya sunkuyar da kai. Sai da Ibrahimu ya miƙe zai fita sannan ya yi magana. "Bunkure. Tsohon faifan na kai wa wani maƙeri, yana son ya riƙa dukan ƙarfe a kansa. Injiniya bai ce ya ba ni ba. A can na yi salla."

"Saboda guntun ƙarfe ka yi shiru ana neman ranka?"

"Na faɗa jiya, Baba. Suka ce ga shi ma ɓarawo ne. A nan na samu wannan." Ya nuna leɓensa da haɓa.

Ibrahimu ya je bayan rumfar gyaran. Sawun keke na nan, tayar baya ta nutse saboda kaya, ya nufi Bunkure. Gaskiya ya faɗa. Amma sawu ba ya faɗin ƙarfe nawa, kuma Sunusi, da ke biye da shi, ya riga ya samo amsa: bakaniken ya kashe mutum, ya mayar da mota, sannan ya hau keke don a ce ba ya gari.

*

Tsayawar nan biyu a gindin hawa ita ke damun Ibrahimu. Ƙafar da ta tuƙa motar ba ta san sabon faifan ba. Ya tambaya ko wa kuma bai je Juma'a ba. Aka ce Abbas direban tarakta.

Ya same shi a ƙarshen kanal, inda ruwa ke isa a gajiye. A shekarar aka hana shigo da alkama daga waje, kowa ya shuka, ruwa ya yi wa masu gonakin ƙarshe kaɗan. Alkamar Abbas ta fara ja tun ba ta fid da kai ba.

"An ce ka yi wa Iliyasu rantsuwa."

"Na yi. Na ce in ya sake rufe mini ƙofa kafin lokacina ya cika zan jefa shi a kanal. A gaban mutane na faɗa, ba a ɓoye ba."

"Jiya kana ina?"

"Nan. Ranar ruwana ce. In tafi Kura in dawo in tarar an karkatar?"

"Wa ya gan ka?"

"Alkama." Ya tofar da yawu. "Malam, in zan kashe shi, da tarakta zan yi, ba da wannan abar wasan ba. Ko shiga cikinta ban san ta ina ake yi ba."

Ibrahimu ya dubi manyan takalman Abbas na taya. Mutum ne da zai iya ɗauko makulli a ƙusa, kuma ƙafar da ta saba da kulocin tarakta dole motar nan ta mutu mata. Komai ya zauna daidai. Ya ce masa ya zo bakin kwalbati da hantsi, ya bar shi yana zagi.

*

Gidan Lukmanu na kwatas ɗin ma'aikatan ruwa, tsakar gidan duk tsakuwa, ba ta riƙe sawu. Motar na ƙarƙashin rumfa, fitilar hagu a fashe, hancin a lotse. Lukmanu ya fito da idanu jajaye.

"Wa ya san an canza mata kaya?"

"Ni da Muhammadu Sani. Wa kuma zai damu? Da sai ta yi daƙiƙa goma kafin ta kai mil sittin, yanzu kuwa..."

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Nawa yana rataye a falo."

"Wa ke gida jiya?"

"Iyali. Ta ce ta ji fitar mota ta ji dawowarta, ta zaci bakanike ne."

"Zan so in ji daga bakinta."

"Ba ta nan. Ta tafi gidan makoki tun da asuba."

"Hawwa ce sunanta ko? Malamar firamare?"

"Me ya kawo sunanta cikin wannan magana?"

"Ka kawo motar bakin kwalbati da hantsi, Injiniya."

*

Gidan Iliyasu na dab da kwalbati, ɗaki biyu da danga. Mata cike a ciki. Ibrahimu ya tsaya a bayan danga ya yi gaisuwa, ya ce a yi masa magana da Talatu, matar mamacin. Ta zo ta tsaya daga ciki, ba ya ganinta.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya, Malam."

"Marigayi ya saba barin Juma'a?"

"A'a. Da can ba ta wuce shi, a motar gari yake bin mutane. Wata uku ke nan ya daina. Ya ce Kura da nisa, malamai sun ce ba dole a kansa."

"Kin yarda da wannan?"

"Na yi masa tsiya. Na ce tsufa ya zo, imani ya tafi. Ya yi dariya, ya ce amana ce aka ba shi, in ta cika zan ji."

"In an tafi masallaci me yake yi?"

"Ni ina Kura cin kasuwa duk Juma'a, ban sani ba. Abin da na sani, yakan sa hularsa mai kyau. In na dawo kuma in tarar da sukari ko sabulu, ya ce rabo ne. Malam, yaron nan da aka ɗaure, shi ne?"

"Ki tsaya nan kusa da danga in an taru. Ki ce matan su yi shiru."

*

Da hantsi gari ya hallara a bakin kwalbati. Aka kawo Muhammadu Sani a ɗaure, Sunusi na riƙe da igiyar. Abbas ya tsaya gefe ya harɗe hannu. Lukmanu ya ajiye motar nesa da hawar. Dagaci ya zauna a kujerar da aka ɗauko masa, yana duban agogo.

Ibrahimu ya ɗage zana. Ya nuna wuraren da taya ta ciji ƙasa.

"Nan ta mutu. Nan ta sake mutuwa. Nan aka danna mata mai ta yi tsalle. Ba da gudu aka zo ba, ranka ya daɗe. Daga tsaye ta buge shi. Wanda ke ciki bai san an sa mata faifai mara nauyi ba. Muhammadu Sani shi ya ɗaura shi da hannunsa."

Idanu suka koma kan Abbas. Wani ya ce, "Ai kuwa ya rantse." Sanduna suka fara juyawa.

"Kai, ku bi ni a hankali!" in ji Abbas. "Malam, abin da ka kira ni ka yi mini ke nan?"

"Tsaya inda kake. Sunusi, ba wani igiyar nan. Zo ka taka nan gefen sawun yayanka. Ka nufi motar."

Sunusi ya taka, yana gunaguni.

"Duba naka. Dunduniya ta nutse, taku mai faɗi. Duba nasa. Kan yatsu ne ya nutse, dunduniya da kyar ta taɓa ƙasa, takun gajere. Yanzu ka dawo da baya, fuskarka na kallon motar."

Sunusi ya dawo da baya. Ya dubi ƙasa, ya daɗe yana dubawa. Sawunsa da na yayansa ba su da bambanci.

"Bai fito daga kwalbati ya tari mota ba," in ji Ibrahimu. "Daga ƙofar gidansa ya fito, ga inda ya shigo hanya, ga inda ya juya. Sannan ya yi taku tara da baya. Ku gaya mini, wane ne ke tafiya da baya a gaban mota, a bakin kwalbatin da ba shi da kariya?"

Ba wanda bai sani ba. Haka ake yi wa motar taki da motar tumatir duk shekara, mutum ya shiga gaba yana yafito da hannu biyu, taho, taho, karya dama, taho.

"Jagora yake yi," in ji Dagaci a hankali.

"Jagora. Muhammadu Sani ya haye kwalbatin nan sau ashirin cikin kwana biyu ba tare da ya rage gudu ba, shi ya sa aka yi faɗa. Abbas kuwa, in ya zo a motar sata, Iliyasu ihu zai yi, ba yafito shi zai yi ba. Wanda ya yi wa jagora mutum ne da yake girmamawa, wanda bai gama iya mota ba. Wata uku Iliyasu yana barin Juma'a saboda shi. Mutum ne da ba ya iya koyon mota sai lokacin da duk mazan garin nan suka tafi Kura."

Ana jin ruwa na bi ta ƙarƙashin kwalbati.

"Ni ne," in ji Lukmanu. "Ni na buge shi. Ku sake shi, ni ne."

"Injiniya," in ji Dagaci, "da kai muka yi sallama a sahu ɗaya."

"Na ce ni ne!"

"Kai za ka faɗa ko ni?" in ji Ibrahimu, yana duban Lukmanu.

Ba a kai ga haka ba. Ƙofar danga ta motsa, Hawwa ta fito daga cikin matan makoki, mayafinta har ƙasa. Ba ta dubi mijinta ba. Ta durƙusa nesa da Dagaci.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Maigidan ya fara koya mini a Kano. Da muka dawo nan ya ce a bari, za a yi da mu. Na ci gaba bai sani ba. Baba Iliyasu ke duba mini hanya, shi ke haye da ni kwalbati. Jiya ta mutu mini sau biyu, abin da ba ta taɓa yi ba. Yana dariya, yana cewa, 'Ba ta mai, 'yata, kada ki ji tsoro.' Na ba ta. Ta yi tsalle. Na sauka na taɓa shi. Na kira shi. Sannan na koma gida na rataye makulli."

"Kika kwana kin san an ɗaure wani?" in ji Sunusi.

"Na kwana."

"Kai fa?" Sunusi ya juya ga Lukmanu.

"Da magariba ta gaya mini," in ji Lukmanu. "Na ce ta yi shiru, zan samo wa bakaniken lauya."

Wani ya yi salati. Daga bayan danga Talatu ta ce, ba da ƙarfi ba, "Tun asuba tana zaune kusa da ni. Ita ta zuba mini ruwan alwala."

Dagaci ya share fuska da hannun riga. Mahaifin Lukmanu babban mutum ne a Kano, kowa a wurin ya san abin da Dagaci yake aunawa. "To," in ji shi, "wannan ƙaddara ce. Abu ne da za a zauna tsakanin gida da gida. In 'yan sanda sun zo sai a ce..."

"An riga an ba su suna, ranka ya daɗe," in ji Ibrahimu. "In ba a ba su wani ba, da wanda ke hannunsu za su tafi. Ni zan tsaya in nuna musu ƙasar nan kamar yadda na nuna muku."

"Zan faɗa musu da bakina," in ji Hawwa.

Dagaci ya dube ta, ya dubi sandunan da ke hannun mutane, waɗanda yanzu ba su san inda za su nufa ba. Ya ce a kai ta cikin gidansa wurin iyalinsa har azahar, Lukmanu ya zauna a zaure, kada wanda ya taɓa motar.

Ba wanda ya tuna da igiya. Ibrahimu ya zaro wuƙa ya yanke ta da kansa. Muhammadu Sani ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi. Waɗanda suka ɗaure shi suna tsaye, kowa na kallon wani wuri. Abbas ne ya zo ya cicciɓe shi ya ɗora a bayan keken tsohon, ya koma gonarsa.

Ibrahimu ya tura keken a kan gaɓar kanal, a ƙasa, don ba zai iya tuƙa mutum biyu ba. Sun yi nisa kafin bakaniken ya yi magana.

"Baba, ni na ɗaura faifan nan fa. Da na bar na asalin, da ta haye lafiya."

"Na sani."

"To?"

"Wannan tsakaninka da Ubangijinka. Abin da aka ɗaure ka a kai, ba kai ba ne. Riƙe sirdi da kyau, akwai rami a gaba."